Firam ɗin Maɗaci da Na Kai wa Inna Dapaong

Abubuwa da yawa na shekarun nan da ƙasarmu ta rikice sun ɓace mini, har fuskokin wasu da muka sha musun siyasa da su a bakin masallaci ba na iya tunowa. Amma akwai abu guda da na san ba zai bar raina ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa, shi ne firam ɗin hoton da na yi da hannuna na kai wa mahaifiyata Dapaong.

Lokacin ina koyarwa a wata lekol, wato makarantar boko, a Sokodé, ina zaune a ɗakin haya a Kpangalam. Ana ta rigimar jam'iyyu, yau a ce an rufe kasuwa, gobe a ce an tare hanya, har aka shiga dogon yajin aikin nan da ya sa muka kulle azuzuwa muka koma zaman gida. A cikin wannan hali mahaifina ya rasu. Malamin allo ne a zongo, mutum mai tsadar magana. Kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa, har Inna.

Inna ba ta nan ya cika. 'Yar ƙaninta ce ta haihu a Dapaong, ta ce za ta je suna. Malam ya ce, "Da kin bari ƙura ta lafa." Ita kuwa, wadda ta yi shekara talatin da wani abu ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ranar sai ta ce, "Kullum a bari, a bari, har yaushe?" Ta ɗauki ƙullin kayanta ta fita, ba ta durƙusa ta yi masa sallama ba kamar yadda ta saba. Bayan tafiyarta zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana uku ya ce ga garinku nan. Kafin labari ya isa gare ta har an yi sadakar uku, hanya kuma ba ta biyuwa, don haka a can gidan Kawu, ƙanin nata, ta yi takaba.

Bayan wata biyar wani direban babbar mota ya kawo mini takarda daga Kawu. Ya ce takaba ta ƙare amma Inna ba ta fita daga cikinta ba. Ban da koko cokali biyu ba abin da take sa wa cikinta. Abin da ke cin ta kuwa shi ne, duk wanda ya zo gaisuwa daga Sokodé sai ya ce ya yi mafarkin Malam cikin fararen kaya yana murmushi, ɗalibansa sun gan shi, maƙwabta sun gan shi, har mahaucin unguwa ya gan shi, ita kaɗai ce bai zo mata ba. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ya tafi bai yafe mata ba. Wanda ya san gidajenmu ya san ba ƙaramar magana ba ce mace ta rabu da mijinta ba yafiya a tsakani. A ƙarshen takardar Kawu ya rubuta, "In kana son ka same ta, kada ka jima."

Ni a lokacin ɗan boko ne mai ji da kansa, komai sai na nemo masa dalili. Na zauna na yi lissafi na ce ai mafarki daga abin da ido ya gani yake zuwa, Inna ta yi watanni ba ta ga fuskar Malam ba, shi ya sa. Magani ke nan a kai mata fuskar. Hoto ɗaya tak Malam ya taɓa ɗauka a duniya, na fasfo, shekarar da ya yi niyyar aikin hajji Allah bai nufa ba. Na ɗauko shi daga akwatin littattafansa na kai wa wani mai hoto kusa da babbar kasuwa ya ƙara masa girma. Ran da na karɓo na daɗe tsaye a bakin titi ina kallo. Sai ranar na san idon Malam na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta.

Firam kuwa ko na kuɗi babu, don kaya sun daina zuwa daga Lomé. Kuma gaskiya ko da akwai ba zan saya ba. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye sai dai ta faɗa wa bango ni kuma in ɗauka. Na so a ce sau ɗaya a rayuwata na miƙa mata abin da hannuna ya yi.

A bayan gidan da nake haya akwai wani tsohon kafinta, ɗan ƙabilar Kotokoli, da ke aiki a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Na je na faɗa masa buƙatata, na kuma ce ba yi mini nake so ya yi ba, koya mini zai yi.

Ya dubi hannuwana ya yi dariya, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lekol a can. "Metir, wannan hannu alli kawai ya sani. Amma zauna, aiki ma babu."

Ya shiga bayan rumfa ya jawo wani tsohon katakon maɗaci, ragowar ƙyauren wani gida da aka rushe. Baƙi ƙirin yake da datti, amma da ya fere bayansa sau biyu sai ga ja ya fito, ja mai duhu kamar na goro in an tauna. Ya ce sabon katako ba ya zuwa arewa, zafin can zai sa ya tsuke ya buɗe baki, amma wannan ya gama duk motsin da zai yi tun kafin a haife ni.

Sai maganar gilashi. Ya leƙa hagu da dama, sannan ya ɗaga wani buhu a ƙarƙashin teburinsa. Hotunan shugaban ƙasa ne jere a cikin firam ɗinsu, sun kai goma. Masu shaguna ne suka sauke su daga bango don tsoron samari masu zanga-zanga, suka kawo masa ajiya. "In iska ya juya, za su zo su ɗauka," in ji shi. Akwai ɗaya da firam ɗinsa ya karye mai shi ya ce ya bar masa. Gilashin wannan muka zare, kuma da girmansa muka auna namu.

Kwanakin da na yi a ƙarƙashin mangwaron nan, in na tuna su yanzu, sai in ga kamar ba a farke na yi su ba. Gari tsit, ba ƙararrawar lekol, ba hayaniyar yara, sai can nesa wani lokaci a ji ihun taro ya taso ya kwanta. Ni kuwa ina sunkuye ina fere katako, ɓawonsa yana naɗewa yana zubowa a kan ƙafafuna, garinsa yana shiga bakina da ɗan ɗacinsa. Rana takan ratso ganye ta zauna a kan tebur ɗigo-ɗigo, in ta kallon ta tana matsawa har tsoho ya taɓa ni ya ce azahar ta yi. A raina kuwa na riga na isa Dapaong sau ɗari. Ina ganin Inna ta karɓa da hannu biyu, ta kafa wa hoton ido, hawaye ya zubo, washegari ta tashi ta ce ta gan shi.

Kusurwa ce ta ba ni wuya. Sanda huɗu ne kawai, kowanne a yanke bakinsa a karkace yadda in sun haɗu za su rungumi juna ba rata. Na zo da abin awona na aji da fensir mai tsini, ina ganin wannan ai wasan yara ne. Na yanka da zarto, na haɗa, uku suka zauna, ta huɗu ta wangale har ɗan yatsa zai shiga. Na sake, ta sake. Sau uku ina ɓata katakon mutane. Tsoho bai hana ni ba sai da na jefar da zarton, sannan ya ce hannuna ne ke gaggawa a ƙarshen yanka, kamar mai son ya gama salla ya tashi. Ya riƙe wuyan hannuna muka yanka tare, a hankali, har zarton ya fita da kansa.

Shi ya koya mini yadda ake sassaƙe gurbi a bayan sandunan inda gilashi zai kwanta. Ya hana ni ƙusa, ya ce tana tsaga tsohon maɗaci. Sai dai a shafa gam, a ɗaure firam ɗin da robar tayar keke a bar shi ya kwana, sannan a tsaga kowace kusurwa a cusa mata siririn ɓallin katako ya riƙe ta. Takardar goge katako ta ƙare a gari, don haka da fasasshen kwalba na kankare shi, na bi da busasshen ganyen ɓaure mai kaushi, na ƙare da man kaɗe ina murzawa da tsumma har ya soma ɗaukar ido.

A nan ne girman kai ya so ya kai ni ya baro. Aikin ya ƙare tun kwana na bakwai, amma kullum sai in ga wani ɗan tabo, in ce gobe. Har na fara zana masa ado a gefe. Ran kwana na goma sha biyu tsoho ya karɓe shi daga hannuna, ya sa hoton, ya rufe bayansa, ya ɗaura masa zoben rataya.

"Metir, mamanka ba kusurwa zai duba ba," ya ce. "Tashi ka nemi mota."

Na samu wata babbar mota mai zuwa Cinkassé, direban ya ba ni wuri a gaba. Na naɗe firam ɗin da zane na rungume shi a ƙirji. Muka ratsa ta tsagin dutsen nan da hanya ta bi ta cikinsa kafin Bafilo, muka gangara, garuruwa suna wucewa rabinsu a rufe. Yadda muke yin arewa haka itatuwa ke raguwa, sama tana ƙara faɗi, har kuka ta fara bayyana ɗaya-ɗaya a fili. Ina gyangyaɗi ina farkawa, kowane lokaci in ji kamar Malam ne zaune a cinyata ina kai shi biko.

Kafin Mango sojoji suka tare mu. Ɗaya ya ga abu mai kusurwa huɗu a naɗe ya ce in kwance. A kwanakin nan hoton da mutum ya ɗauko yana iya jawo masa duka ko ya fisshe shi, ya danganta da wanda ya tare shi. Ya duba ya duba, bai gane fuskar ba.

"Wannan na wace jam'iyya ne?"

"Babana ne," na ce. "Ya rasu. Mahaifiyata zan kai wa."

Sai ya goge gilashin da hannun rigarsa inda yatsansa ya taɓa, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce mu wuce.

Da na isa na ga Inna, da ƙyar na gane ta. Mace mai jiki ce a da, yanzu awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Ban ko sha ruwa ba na nemi guduma da ƙusa. Na zaɓi bangon da ke fuskantar gadonta, na hau kujera na kafa ƙusar can sama, daidai inda na saba ganin ana rataye hoto a aji da ofis. Na rataya, na janye zanen, na koma gefe ina jiran abin da na yi kwana goma sha biyu ina gani a raina.

Ta ɗaga ido sau ɗaya, kamar ƙiftawa. Sai ta ja mayafi ta rufe kanta har goshi, ta juya wa bangon baya. Can ta ce wa kakata, wato mahaifiyarta, da ke zaune bakin ƙofa, "Iya, a rufe." Kaka ta sa aka yafa wa firam ɗina wani tsohon mayafi.

Kwana biyu Inna ba ta shiga ɗakin nan ba. Ta koma ɗakin Kaka, kokon ma ta daina karɓa. Ni da na zo da magani sai ga shi na ƙara ciwo. Na yi ta saƙe-saƙe. Na ce ko maganar da malamai ke yi ce cewa mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto. Na ce ko aikin ne bai yi kyau ba, har na laɓaɓa na ɗaga mayafin na sake duba kusurwoyin. Daga baya abin ya koma fushi, don ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce a raina, shi ke nan, ɗan fari ko zinariya ya kawo ba za a duba ba.

Da hantsin rana ta uku ina zaune a gindin darbejiya na sha toka, Kaka ta dogaro sandarta ta zo ta zauna kusa da ni. Tsohuwa ce mai barkwanci, maigidanta take ce mini tun ina ƙarami.

"Maigida, wannan fuska fa? Ko cefane ne ya gagara?"

Na ce, "Kaka, na sha wahala a kan abin nan, ko kallo bai samu ba."

Ta yi dariya har da tari. "Boko ta cinye maka kai. Tun da kake, ka taɓa ganin uwar taka ta ɗaga ido ta dubi uban naka a fuska?"

Na buɗe baki zan ce i, sai na rasa ranar da zan kafa hujja da ita.

"Shekara talatin gefen fuskarsa take gani, da ƙeyarsa in ya sunkuya yana rubutu," in ji ta. "Shi ma bai taɓa zuba mata ido haka ba. Kai kuma ka ɗauko shi ka ɗora a sama kamar gwamna, ya tsare gadonta da kallo. Ta ina za ta cire ɗankwali? Ta ina za ta miƙe ƙafa? Ga ta da laifi a ranta, ga shi ya zuba mata ido ba ƙiftawa. Malam a ƙasa yake zama, a kan buzu. Ka taɓa ganin sa a bisa wani?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. A gidan Malam na tashi, a gabana ake ajiye masa akushi a durƙushe a koma gefe, amma duk ban gani ba.

Na shiga na sauke firam ɗin, na cire zoben. Yanzu ƙafa yake buƙata da zai tsaya da kansa a ƙasa. Ba maɗaci, ba tsoho, ba kayan aiki. Na ɓalle wani farin katako daga akwatin tumatir da ke bayan madafa, na fere shi da wuƙar Kawu, na yanko igiyar wani tsohon takalmin fata na haɗa shi da bayan firam ɗin da ƙananan ƙusoshi, ina yi ina addu'ar kada ya tsage. Mummunar ƙafa ce, in faɗi gaskiya, ko yau na tuna ta sai na ji kunyar tsohon kafintan nan. Amma ta tsaya. Na shimfiɗa tabarma a lungun ɗakin kusa da ƙofa, na ajiye shi a kai, na karkata shi yana kallon waje, yadda mai shigowa ta gefe zai same shi. Na bar mayafin a ninke kusa da shi na fita.

Bayan la'asar Kaka ta yi wa Inna magana a kunne. Sai Inna ta tashi tana dafa bango, ta gyara lulluɓi, ta cire takalmi a bakin ƙofa ta yi sallama ta shiga. Ni da Kaka muna kan benci a jikin bangon, labule ne kawai tsakaninmu da ita. Ban yi niyyar saurare ba, amma ban iya tashi ba.

Muka ji ta durƙusa. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, irin wadda na sani tun ina yaro.

"Malam, sannu da hutawa."

Wata kurciya tana kuka a kan darbejiya, a maƙwabta ana daka.

"Ran nan na mayar maka da magana. Na fita ban yi maka sallama ba. Ka yafe ni."

Ban san tsawon lokacin da ta ƙara a ciki ba. Inuwar bango dai ta bar ƙafafuna ta kai tsakar gida kafin labulen ya motsa. Ta fito ta zauna a ƙasa kusa da Kaka, idonta jawur.

"Bai ce komai ba," ta ce.

Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa ta da hannuna. Kaka ma ta ɗan rikice, ta ce, "To, 'yar nan, ai takarda ce."

"Na san takarda ce, Iya, ban zautu ba," in ji Inna. "Amma shi da ma haka yake. In na ba shi haƙuri ya yi shiru, to magana ta wuce ke nan. In da saura, gyaran murya yake yi."

Ta share fuska da bakin mayafi. Sannan ta dubi bango, kamar yadda take yi in da ni take, ta ce, "A zubo wa mai aikin katakon nan abinci, tun da ya zo bai ci na kirki ba. Ni ma a sa mini kaɗan."

Na tashi na zaga bayan gida, don ba na son a ga ƙato yana kuka.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, ta ga 'ya'yana har ta goya su. Ko ta yi mafarkin Malam daga baya, ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Abin da na ɗauka daga wannan tafiya shi ne, na auna gilashi, na auna katako, na ɓata kwanaki a kan kusurwa, amma ban zauna ko sau ɗaya na tuna yadda matar da zan kai wa take zama da mijinta ba. Tun daga ranar, in zan yi wa mutum alheri, nakan fara tambayar wanda ya fi ni saninsa inda zai so a ajiye masa.